Yadda Muka Ɗora wa Ɓera Madubi a Ka

Tun daga lokacin da Hans Berger ya fara ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a Jena a 1924, mas'ala guda ce ta addabi ma'abota wannan fanni namu: duk na'urar da ke gani sosai sai ta sharɗanta wa wanda ake dubawa ya tsaya cik, alhali kuwa aikin ƙwaƙwalwa na haƙiƙa yana bayyana ne yayin neman abinci, da gudun maƙiyi, da gane hanyar gida. Gaskiya ne John O'Keefe ya gano ƙwayoyin sanin wuri a Landan a 1971 cikin ɓeraye masu yawo sakaka, amma da siririyar waya ya yi, yana sauraren 'yan ƙalilan, mu kuwa muradinmu shi ne mu ga ɗaruruwa a lokaci guda.

A nan malamai suka rabu mazhaba biyu. Almajiran David Tank a Princeton suka kafe kan ɓera a ƙarƙashin babban madubin ƙara girma, suka bar ƙafafunsa suna gudu bisa ƙwallo. Wasu kuwa, waɗanda nake ganin hujjarsu ta fi ƙarfi, suka ce madubin ne ya wajaba ya ƙanƙance. Wanda Fritjof Helmchen da abokansa suka ƙera a 2001 ya kai giram 25, kusan nauyin ƙaramin ɓeran kansa, sai manyan ɓeraye ke iya ɗauka. Aka yi shekara goma kafin ɗakin binciken Mark Schnitzer a Stanford ya sauko da shi giram 1.9.

Wanda bai zauna a ɗakin ba, ba zai san ɗawainiyar ba: a dasa siririn gilashi cikin ƙwaƙwalwa, a liƙe shi da sumuntin likitan haƙori, a yi haƙuri makonni har kumburi ya sace, sannan furotin GCaMP ya soma walƙiya kore duk sa'ad da kalsiyam ya shiga ƙwaya, kai kuma kana tsaye kana warware wayar da ɓeran ya murɗe.

Ladan wahalar ya zo a 2013, da Yaniv Ziv ya bibiyi ƙwayoyi guda tsawon makonni, ya tarar cewa mafi yawan waɗanda ke wakiltar wani wuri yau ba su ne ke wakiltarsa bayan 'yan kwanaki ba, ko da yake ɓeran bai ɓata hanya ba. Har gobe ana muƙabala a kan fassarar wannan.