Kafaɗar da Aka Miƙa Domin Jama'a: Nazari kan Diyyar Raunin Allurar Mura a Amurka

Gabatarwa

Duk shekara idan kaka ta kama a Amurka, mutane fiye da miliyan 100 kan miƙa damtsensu a yi musu allurar rigakafin mura, wasu a asibiti, wasu a kantin magani, wasu a wuraren aikinsu. Akasarinsu ba sa jin komai sai ɗan tsamin hannu na kwana ɗaya ko biyu. Amma akwai 'yan ƙalilan da ciwon kafaɗa ke kamawa tun ranar, ya ƙi sakinsu har watanni. Likitocin ƙasar suna kiran wannan rauni SIRVA a taƙaice. Maƙalar nan ta duba yadda dokar Amurka ke biyan diyyarsa da taƙaddamar da ta taso a kai. Matsayinta shi ne, wanda ya ji rauni a allurar da hukuma ta kira shi ya yi yana bin al'umma bashi, ko aibin daga kwalbar magani ya fito ko daga hannun mai allura.

Yadda raunin ke aukuwa

Ƙa'ida ita ce allurar ta shiga tsakiyar tsokar damtse, kimanin faɗin yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin da ya turo a saman kafaɗa. A ƙarƙashin sashen tsokar na sama akwai wata 'yar jaka mai ruwa wadda ke hana ƙashi da jijiyoyi gogar juna idan an ɗaga hannu. In bakin allurar ya haura sama ko ya zarce zurfi, maganin kan zuba cikin wannan jaka ko cikin gaɓar kanta. Shi kuwa rigakafi an haɗa shi ne domin ya zaburar da garkuwar jiki. A cikin tsoka wannan zaburarwa kariya ce, a cikin gaɓa kuma kumburi take haifarwa.

A ɗauki misalin matar da ta shiga kantin magani sanye da rigar sanyi mai dogon hannu. Maimakon ta cire hannun rigar, sai ta ja wuyanta ƙasa, saman kafaɗar kaɗai ya bayyana. Tana zaune, mai allurar yana tsaye a kanta, mutane na jira a layi. Daren ranar ta kasa kwanciya ta wannan gefen. Bayan mako biyu ba ta iya ɗaga hannu ta taje gashinta, ba ta iya jawo bel ɗin mota. Daga nan sai zirga-zirgar asibiti: hoto, gashin ƙashi, allurar rage kumburi, wani lokaci har da tiyata.

A 2010 wasu likitocin hukumar da ke kula da shirin biyan diyyar raunin rigakafi, ƙarƙashin jagorancin Sarah Atanasoff, suka wallafa nazarin mutum 13 masu irin wannan rauni. A 2012 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta tabbatar da cewa akwai hujja gamsasshiya da ke danganta yin allura da kumburin jakar kafaɗa. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi mutane kusan miliyan 3 da aka yi wa allurar mura a kakar 2016 zuwa 2017, ya gano ƙarin masu wannan kumburi kusan 8 cikin kowane miliyan ɗaya. Adadin bai kai ya hana kowa yin rigakafi ba, sai dai ga wanda abin ya faɗa wa, ƙanƙantar adadi ba ta rage zafi.

Tsarin diyya

A farkon shekarun 1980 ƙararraki suka yi wa kamfanonin rigakafi yawa, musamman kan allurar tarin shiƙa, har wasu suka daina sarrafa ta. Domin kada ƙasar ta rasa rigakafi, majalisa ta yi dokar 1986 wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu, shirin diyya kuma ya fara aiki a watan Oktoba na 1988. Kowace allurar mura tana ɗauke da harajin santi 75 da ke shiga wani asusu na musamman. Wanda ya ji rauni ba kamfani ko ma'aikacin jinya zai fara kai ƙara ba. Zai shigar da koke ne a kan Sakataren Lafiya a wata kotun tarayya da ke Washinton, inda jami'an shari'a na musamman su takwas ke sauraro. Ba a neman ya tabbatar da sakacin kowa.

An shigar da allurar mura cikin shirin a 2005, aka kuma sanya raunin kafaɗa cikin jadawalin raunukan da doka ta amince da su ranar 21 ga Maris, 2017. Tun daga nan, idan ciwon ya fara cikin awa 48, ya tsaya a kafaɗar da aka yi wa allurar, babu tarihin ciwo a wurin, babu kuma wata cuta da za ta bayyana shi, kotu na ɗauka allurar ce sanadi. Dole a shigar da koke cikin shekara 3 daga alamar farko, kuma illar ta wuce wata 6, ko ta kai ga kwanciya asibiti da tiyata. Ana biyan kuɗin magani da albashin da aka rasa, sannan diyyar wahala da raɗaɗi wadda ba ta wuce dala 250,000. Asusun ne ke biyan lauya, ko da an faɗi ƙara, muddin an shigar da ita da kyakkyawar niyya bisa dalili mai kama hankali.

Taƙaddamar 2020 zuwa 2021

Raunin kafaɗa ya zo ya zama fiye da rabin koke-koken da ake shigarwa a wasu shekarun. A watan Yuli na 2020 Ma'aikatar Lafiya ta ba da shawarar cire shi daga jadawalin. Hujjarta ita ce, ba maganin ne ke jawo raunin ba, kuskuren mai allura ne, kuma biyan diyya daga asusu yana sa ma'aikata su saki jiki. Kwamitin da ke ba ma'aikatar shawara ya ƙi amincewa, amma duk da haka aka fitar da ƙa'idar a Janairun 2021, a ƙarshen gwamnatin Trump ta farko. Gwamnatin Biden ta dakatar da ita, ta soke ta a watan Afrilu kafin ta fara aiki.

Hujjar ma'aikatar tana da rauni ta fuska uku. Na farko, ta saɓa wa ilimin cutar. Kumburin na bukatar abu biyu a haɗe, wurin da bai dace ba da sinadarin da ke tayar da garkuwa. Raba su biyu aikin takarda ne, a jikin majinyaci abu guda ne.

Na biyu, cire raunin daga shirin zai tura mai rauni kotun jiha, wannan kuwa tamkar rufe masa ƙofa ne. Can sai ya tabbatar da sakaci, ya ɗauko ƙwararren likita ya ba da shaida a kan wurin da bakin allura ya shiga watanni da suka wuce, alhali babu wanda ya auna a ranar. Kuɗin shari'ar kan cinye diyyar. Masu kantin magani kuma, in suka ga ƙara na bin kowace allura, wasunsu za su janye daga aikin, a koma matsalar da dokar 1986 ta zo magancewa.

Na uku, batun adalci. Mai yin allurar mura ba kansa kaɗai yake karewa ba, yana rage haɗari ga tsohuwar da ke gidansa da jaririn maƙwabcinsa. Tunda amfanin na kowa ne, bai kamata asarar ta zama ta mutum ɗaya ba. Ɗalibin fiƙihun Malikiyya zai gane wannan tunani, domin a babin diyya, raunin kuskure da ya kai sulusin cikakkiyar diyya aƙila ce ke ɗauka, wato dangin wanda ya yi kuskuren, a rarraba a tsakaninsu. Manufar ita ce kada jinin mai rauni ya tafi a banza, kada kuma a karya wanda bai yi da gangan ba. Santi 75 ɗin nan aƙila ce ta zamani, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Gyaran da ya rage

Duk da haka, akwai gaskiya a damuwar ma'aikatar. Wannan rauni ne da ake iya kauce masa: mai allura ya zauna daidai da majinyaci, a buɗe damtse gaba ɗaya, a laluba ƙashin kafaɗa da yatsa, a zaɓi tsawon allura gwargwadon jikin mutum. Amma da yake mai allurar ba ya cikin shari'ar, sau da yawa bai ma san an biya diyya a kan aikinsa ba. Asusu ya biya, hannun da ya yi kuskuren bai koyi komai ba. Maganin wannan shi ne a riƙa sanar da wurin da aka yi allurar, a sake horas da ma'aikacin, ba a hana mai rauni haƙƙinsa ba.

Akwai kuma jinkiri. Daga 2016 zuwa 2021 koke-koke sun haura 1,000 a kowace shekara, a 2021 ma sun wuce 2,000, amma masu sauraro suna nan su takwas kamar yadda doka ta ƙayyade. Iyakar dala 250,000 ma ba ta motsa ba tun shekarun 1980, duk da hauhawar farashi, alhali asusun na riƙe da fiye da dala biliyan 4.

Kammalawa

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsarin Amurka na bukatar ƙarin masu sauraron ƙara, da sabunta iyakar diyya, da hanyar mayar da darasi ga masu allura. Amma ginshiƙinsa daidai yake, kuma barin raunin kafaɗa a cikin jadawalin shi ne hukuncin da ya dace. Hukumar da ta ce wa mutum ya miƙo damtsensa domin lafiyar jama'a, wajibinta ne ta tsaya masa ranar da hannun ya ƙi ɗaguwa.