Damagaram da Tattalin Ruwa a Cikin Gida

Birnin Damagaram, wanda taswira ke kira Zinder, yana cikin garuruwan da ƙarancin ruwa ya shiga tarihinsu na siyasa. An kafa shi a kan duwatsu masu tauri, irin waɗanda ba sa riƙe ruwa a ƙarƙashinsu sai a tsage-tsage. Babu kogi mai gudana duk shekara a kusa da shi, damina kuwa ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Duk da haka, a ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimu wanda ya kewaye Birni da ganuwa, garin ya zama babban zango tsakanin Kano da Agadas. Ayarin raƙuma na sauka a unguwar Zango, kuma kowane baƙo da dabbarsa suna neman rabonsu daga rijiyoyi da tafkunan da mutanen gari ke sha.

Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedkwatar yankin mulkin soja na Nijar a 1911. A 1926, a zamanin Gwamna Jules Brévié, aka ɗauke hedkwatar zuwa Yamai da ke bakin Kogin Kwara. Akwai dalilan siyasa, ciki har da kusancin Damagaram da Kano da ke hannun Ingila, amma ƙarancin ruwan sha na cikin manyan hujjojin da aka kafa. Masu mulki sun sami damar ƙaura. Mutanen gari suka zauna, suka ci gaba da dogaro da dabarun da suka gada.

Cibiyar waɗannan dabaru ita ce randa. Akan girke ta a inuwa, wani lokaci a binne gindinta cikin yashi mai laima. Jikin yumɓu yana tsattsafar da ɗan ruwa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ana rufe bakinta da faifai, kuma ba a tsoma komai a cikinta sai moɗa, domin hannu ɗaya mai dauɗa yana iya ɓata ruwan gida duka. Tulu shi ne na ɗebowa daga rijiya, kwatarniya ta wanki da jiƙo, salka kuwa ta matafiyi ce. Yawan waɗannan sunaye shaida ne cewa an daɗe da rarraba ruwa gwargwadon aikinsa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ruwa ba ya aiki sau ɗaya a zubar. Ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfaffen gero da shi, na tumaki da awaki ne. Ruwan ɗaurayar tufafi yakan koma wankin farko na wasu kayan, ko a yayyafa shi a tsakar gida kafin shara don ƙura ta kwanta. Na alwala yakan gangara gindin bishiya. Da damina, ana tara tukwane a ƙarƙashin indararon soro, a bar ruwan farko ya wanke rufi, sannan a tari na bayansa. Karantarwar malamai ta ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure sun hana ɓarnar ruwa ko a wurin tsarki, sun kuma halatta taimama idan an rasa shi. Buta mai siririn baki ta dace da wannan koyarwa, tun da ba ta zubar da fiye da abin da hannu zai tara.

Zamanin mulkin mallaka ya kawo garwa, gwangwanin kananzir mai cin galan huɗu. Masu sayar da ruwa suka riƙa rataya biyu a sanda suna zagaya unguwanni, aka san su da 'yan garuwa. Daga nan ruwa ya sami ma'auni da farashi, uwargida ta fara lissafin garwa nawa girki zai ci, nawa wanka, nawa wanki. Daga baya jarkar roba da kura suka maye gurbin garwa da sanda, amma sunan sana'ar bai canza ba.

Da garin ya bunƙasa, sai aka koma janyo ruwa ta bututu daga rijiyoyin da aka haƙa nesa da shi, kamar na Gogo da Machaya da Arunguza. Famfo ya rage wahala, ya kuma rage cutar da ruwan tafki ke kawowa. Kurkunu, wanda aka yaƙa ta hanyar tace ruwa da ƙyalle da samar da rijiyoyi masu tsabta, an tabbatar da kawar da shi daga Nijar a 2013. Sai dai yawan jama'a ya riƙa tsere wa yawan ruwa, ga kuma farin shekarun 1973 da 1984 da suka nuna iyakar abin da ƙasa ke iya bayarwa. A watannin bazara, unguwanni da dama kan yi kwanaki famfo bai kawo ba, mata da yara su kwana a layi da jarkoki.

Saboda haka famfo bai kori randa ba. A gidaje da yawa an ajiye ta kusa da duro da jarka, kuma ranar da ruwa ya zo, aikin farko shi ne a cika kowane mazubi. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Damagaram, abin da aka adana a yau shi ke kai gida zuwa ranar da famfo zai sake kawowa.