Daga Saƙar Safa Zuwa Dilar Gwanjo: Tarihin Suturar Mutanen Denmak

Wani mai sauraronmu, ɗan gwanjo ne a kasuwar Mai'aduwa, ya rubuto yana cewa in ya kwance dila yakan tarar da riguna masu tambarin Jack & Jones da Vero Moda, an kuma ce masa na Denmak ne. Yana so a ba shi tarihin suturar mutanen wannan ƙasa.

To Malam, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Ita dai Denmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, jama'arta kimanin miliyan 6, ga sanyi ga iska ga yayyafi. Asalin sana'ar tufafinsu kuwa ba daga birni ya fito ba, daga manoma ne irinku.

A tsakiyar yankin Jutland akwai wata ƙasa mai jigawa, ba ta ba da amfani sosai, sai dai kiwon tumaki. Tun ƙarni na 17 manoman wajen suka kama saƙar ulu don cike giɓin abin da gona ta hana su. Maza da mata duk suna yi, makiyayi yana bin tumaki yana saƙa. Da dare kuma a taru a ɗaki guda, fitila ɗaya ta ishi kowa, ana saƙa ana tatsuniya, kamar yadda iyayenmu mata kan taru wajen kaɗi. Safa da rigunan sanyin da aka saƙa sai 'yan koli su saye, su goya a baya, su bi gari gari har Kopenhagen, babban birnin ƙasar.

Da jirgin ƙasa ya iso garin Herning a 1877, injunan saƙa kuma suka yaɗu, sai sana'ar ta tashi daga ɗaki ta koma masaƙa. Herning da Ikast da Brande suka zama cibiyar tufafi. Kamfanin Bestseller, mai tamburan nan biyu da ka ambata, da shago ɗaya ya fara a 1975 a garin Ringkøbing, hedkwatarsa kuma tana Brande. Amma fa ka duba wuyan rigar da kyau. Galibi za ka ga an rubuta Bangladesh ko Sin ko Turkiyya, domin daga shekarun 1990 kuɗin ƙwadago ya kori ɗinki daga Denmak. Zanen fasali da ciniki su suka rage a gida.

Abin da suke sawa kullum kuwa, ba shi da kwalliyar da kake zato. Baƙi, ruwan toka, shuɗi mai duhu, rigar ruwa, takalmi marar tsini. Dalili na farko keke ne. A Kopenhagen ma'aikaci da ɗan majalisa duk keke suke hawa, wanda zai tuƙa keke cikin yayyafi kuwa ba zai ja dogon mayafi ba. Na biyu, al'adarsu ba ta son mutum ya nuna ya fi wani. Attajiri da direbansa sai ka kasa bambanta su a titi, abin da ni kam har yau yake ba ni mamaki, mu da babbar riga ke sanar da isowar mai ita tun daga nesa.

'Yan matan yanzu sun ɗan karya wannan. Tambarin Ganni ya fito da dogayen riguna masu furanni da launi mai haske, ana haɗa su da takalmin guje-guje, don dai keken yana nan. Tun 2006 ake bikin nuna tufafi na Kopenhagen sau biyu a shekara, daga 2023 kuma aka gindaya sharaɗi: kamfanin da ke lalata kayan da suka yi kwantai ba zai shiga bikin ba.