Renault R35: tankar da aka ƙera don yaƙin da ya riga ya wuce

Malamai da iyaye, duk yaron da ya karanta darasin yaƙin duniya na biyu a lakwal yakan yi tambaya guda: yaya aka yi Jamus ta kayar da Faransa cikin mako shida a 1940? Tarihin wata ƙaramar tankar yaƙi, Renault R35, yana ɗauke da rabin amsar.

A yaƙin 1914 zuwa 1918 sojoji sun shekara huɗu cikin ramuka, kowa na tsoron leƙowa. Tankar Renault FT ta taimaka wa Faransa fita daga wannan ƙangi a 1918: tana gaba tana murƙushe waya mai ƙaya, sojan ƙasa na biye da ita. Daga nan hafsoshin Faransa suka riƙe cewa aikin tanka shi ne rakiyar mai tafiya da ƙafa.

Da FT ta tsufa, a 1933 rundunar ta nemi kamfanoni su kawo magajiyarta mai nauyin tan 6. Ganin yadda bindigogin fasa tanka ke ƙara ƙarfi, aka ce kaurin sulkenta ya tashi daga milimita 30 zuwa 40, nauyi ya haura tan 10. Renault ya gabatar da samfurinsa a ƙarshen 1934, a watan Afrilun 1935 aka yi odar guda 300 tun gwaji bai kammala ba, domin Hitila ya riga ya fara tara makamai. Kafin Yunin 1940 an ƙera fiye da 1,500, ta zama mafi yawa cikin sababbin tankokin Faransa. An sayar da wasu ga Folan, Romaniya, Turkiyya da Yugoslabiya.

Sulkenta ya fi na yawancin tankokin Jamus na lokacin kauri. Sauran jikinta kuwa tunanin 1918 ne. Gudunta bai wuce kilomita 20 a awa ba, wato daga Cadawa zuwa Maraɗi sai ta kusa cinye awa biyu. Bindigarta ƴar gajera mai bakin milimita 37 irin ta FT ce, an yi ta don tarwatsa maɓoyar masu bindiga, ba ta iya huda sulke mai kauri. Mutum biyu ke ciki: direba, da kwamanda wanda shi ke duba hanya, shi ke ɗura harsashi, shi ke harbi. Yawancinsu ba su da rediyo.

Akwai wanda ya yi gargaɗi. Tun 1934 Sharl Digol, yana laftanar-kanar, ya rubuta littafi yana kira a tara tankoki cikin runduna guda mai sauri. Manya ba su saurare shi ba. Aka rarraba R35 bataliya-bataliya, 45 kowace, ana ba sojan ƙasa aro. Jamus kuwa ta dunƙule nata cikin runduna goma, suna magana da juna ta rediyo, jirage na rufa musu baya. Ta kai hari ranar 10 ga Mayu, ta ƙetare kogin Mez a Sedan ranar 13, ranar 22 ga Yuni Faransa ta sa hannu. Jamusawa suka kwashe R35 fiye da 800 suka ci gaba da aiki da su.

Wannan labari ya shafe mu. Cikin sojan ƙasan Faransa akwai dubun-dubatar ƴan Afirka ta Yamma, har da ƴan Nijar, waɗanda aka yi wa kuɗin goro aka kira su sojan Senegal. Da yawa sun mutu, da yawa sun shiga bursuna, wasu an kashe su bayan sun miƙa wuya, kamar yadda aka yi a Shaselai kusa da Liyon a Yunin 1940. Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Bishi har Nuwamban 1942, iyakar Maraɗi da Katsina ta koma iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu gaba.

Maƙeran R35 ba su yi ha'inci ba, abin da aka ce su ƙera shi suka ƙera. Kuskuren na waɗanda suka zaci gobe za ta zo da kamannin jiya ne, talaka kuma ya biya da ransa. Mu da ke shirya yara, ya kamata mu duba abin da muke ɗora musu: na zamanin da za su tarar ne, ko na wanda muka baro? In akwai tsohon soja a zuriyarku, ku sa yara su tambayi labarinsa tun masu tunawa suna raye.