Ƙiftawar ido tsakanin giya da giya: daga ƙafar direban Mubi zuwa sansar motar tsere

Mubi gari ne da hanya ta raina. Yana zaune a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, iyakar Kamaru na gabas da shi kaɗan. Jamusawa sun kafa sansani a nan a 1903, Turawan Ingila suka karɓe a 1914, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa yankin da Nijeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Kowace gwamnati ta zo ta tarar da abu guda: shanu da gyaɗa da hatsin wannan ƙasa ba sa isa Yola ko Maiduguri sai mota ta hau tudu ta gangara da su. Shi ya sa direba da bakanike suke da kima a unguwanni irin su Sabon Layi, kuma shi ya sa maganar sauya giya ba baƙuwa ba ce a garin.

Tsofaffin direbobin manyan motoci masu bodin katako sun koyi sana'a a kan giyabos mai taurin kai. In za a sauko da giya a hawan tudu, sai direba ya taka kuloci ya fito firi, ya saki, ya ɗan taɓa totur injin ya ɗaga murya, ya sake takawa, sannan ya tura. Gwanayen cikinsu ma ba su cika damuwa da kuloci ba. Kunne ne ke gaya musu lokaci: su ɗaga ƙafa daga totur, giyar ta zame ta fita, ta faɗa ta gaba ba ko ƙara. Karen motar da ya sa giya ta yi gurnani kuwa, ranar zai sha faɗa wurin maigidansa, don kowane gurnani haƙori ne ke cinyewa.

Dalilin wannan ɗaga ƙafa shi ne tushen labarin. Muddin injin yana jan taya, haƙoran da suka riƙe giya suna damƙe da juna. Mai sayar da shanu a kasuwar Mubi ya san ba a kwance ƙullin igiyar da sa ke ja, sai an sassauta masa tukuna. Haka giya take: tana son a sauke mata nauyi na ɗan lokaci. Kusan shekara ɗari ke nan injiniyoyi suna neman yadda za su gajarta wannan ɗan lokacin.

Hanya ta farko ta sauƙaƙa wa talakan direba ne. A 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da giyabos mai zoben da ke daidaita gudun giyoyi biyu kafin su haɗu, ƙirar Earl Thompson. Porsche ya inganta zoben a 1952. Irin wannan giyabos ne a cikin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita. Duk wanda ya shiga tasha a Arewa a shekarun 1980 ya san wagon ɗinta.

Sai dai zoben yana cin lokaci, kuma ba ya jure wuta. Masu tsere suka riƙe giyabos mai manyan haƙora 'yan kaɗan, wanda ke shiga da ƙarfi, nan take. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, irinsa ne a cikin babur. Bajaj Boxer da Jincheng da ke gyare a bakin titi, cikinsu ganga ce mai kwarmi da ke juyawa tana tura giya ɗaya bayan ɗaya, daidai da tsarin motar tseren zamani. Da babur ɗin Yamaha XT500 Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya ratsa Agadas da Yamai ya ƙare a Janairun 1979. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kacal suka isa. 

Babban sauyi ya zo a 1989. John Barnard ya ƙera wa Ferrari mota mai lamba 640, wadda direba ke sauya giyarta da yatsu a bayan sitiyari, kwamfuta kuma ta kula da kuloci da injin. Motar ta yi ta lalacewa lokacin gwaji, amma Nigel Mansell ya ci tserenta na farko a Burazil. Cikin 'yan shekaru duk motocin Formula 1 suka bi sahu. A ƙananan gasanni da tseren babura, inda hannu ko ƙafa ke tura giya har yanzu, sai aka samo dabara mai araha: a ɗora sansa a jikin sandar giya. Da direba ya taɓa, sansar ta sanar da kwamfutar injin, wadda kanikawanmu ke kira birenbos, ita kuma ta ɗauke wa fulogi wuta na wajen kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa. Injin ya saki, giya ta shiga, wuta ta dawo, totur na nan a take har ƙasa. Ƙarar nan kamar ta bindiga da ake ji daga salansa, man da bai ƙone ba ne ke kamawa a waje. A 2008 BMW ya fara sayar da babur ɗin HP2 Sport da na'urar tun daga kamfani.

Wajen zaɓen sansa ne ake gane wanda ya fahimci aikin. Mafi arha makunni ne kawai da sifirin a cikin sandar. Akwai na turawa, akwai na ja, kuma wanda ya sayi na ja alhali sandarsa turawa take yi ya yi asarar kuɗinsa. Makunni bai san ƙarfi ba, motsi kawai ya sani, don haka gargada ko hannun da aka ɗora bisa giya na iya yanke wuta a tsakiyar kwana, wurin da ba a son mota ta yi ko tari. Na biyu yana aiki da maganaɗisu, ba ƙarfen da ke gogar wani, saboda haka ƙura da laima ba sa saurin kashe shi. Na uku, wanda manyan masu tsere suka fi yarda da shi, ma'aunin ƙarfi ne: siririyar waya manne a jikin ƙarfe, da ƙarfen ya ɗan miƙe ko ya matse sai lantarkin da ke bi ta cikinta ya canza. Yawancinsu suna zama a tsakiya, wajen bolt 2.5 cikin 5, su hau ko su sauka gwargwadon an ja ko an tura. Da shi ana iya cewa kada a yanke wuta sai ƙarfin hannu ya kai kaza, wato sai haƙoran sun riga sun shirya fita. Aibinsa tsada, da kuma zafin inji da ke iya gusar da ma'auninsa, sai an riƙa sake saita shi.

Ni a ganina, wanda zai kashe kuɗi ya fara da wata sansar ta daban, wadda ke zaune a kan gangar giya tana faɗin inda ta juya. In babu ita, kwamfuta ƙidaya kawai take yi a makance. In lokacin yanke wuta ya gaza, wuta ta dawo giya ba ta gama shiga ba, bakin haƙoran ya guntule, wata rana giyar ta fara fitowa da kanta. In ya yi yawa, mota ta dunƙule gaba sannan ta fizga. Kuma daga ta ɗaya zuwa ta biyu ya fi bukatar lokaci a kan daga ta biyar zuwa ta shida, domin tazarar gudun ta fi faɗi. Da sansar ganga, wuta tana dawowa ne daidai lokacin da giya ta zauna.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole, musamman ga samarin da ke wasan mota ranar kai amarya. Giyabos ɗin motar gida mai zobe ne, ba a yi shi don a tura ba kuloci ba. Ɗora masa wannan na'ura ba zai mai da shi na tsere ba, zoben kawai zai cinye.

Mubi ba ta da filin tseren mota, kuma shekarun baya sun yi mata nauyi. Rashin tsaro ya sa an hana hawa babur a Maiduguri a 2011, Kano ta hana acaɓa a 2013, Mubi kanta ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014 kafin a ƙwato ta a Nuwamba. Sana'ar gyaran babur ta ji jiki a yankin, Keke Napep ya cike gurbi. Amma motocin da ke shigowa yanzu cike suke da sansa: ta totur, ta iska, ta juyawar inji, ta giya. Bakaniken Sabon Layi da ya buɗe injin babur ya ga ganga da haƙora da idonsa, ya riga ya san rabin karatun. Rabin da ya rage na ɗan riwaya ne, wato auna lantarki da mita da karanta abin da kwamfuta ta rubuta, kuma garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa bai kamata a ce ya rasa inda yaran gareji za su koye shi ba.

Masu saita na'urar yanke wutar suna farawa ne da dogon lokaci, su riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har fizgar ta ɓace, su tsaya nan. Bayan gwaji sai a juye man giyabos a duba maganaɗisun da ke jikin murfin juyewa. In laushin ƙarfe ne kamar toka, lafiya. In an ga ɓarɓashi mai kaifi, lokacin ya yi gajarta, sai a ƙara.