Bawa da Ubangiji: Tarihin Muhawarar Fana'i a Ƙasar Hausa da Takwarorinta a Turai da Indiya

1.0 Gabatarwa

Tun kafuwar Masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19 sufanci yake tafe da ita, domin Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta ne daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda yake Baƙadire. Bayan mayar da hedikwatar masarautar Azare a 1916, majalisun zikiri sun ci gaba da raya garin. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa tambayar da ta raba kan malaman ƙasar Hausa, wato ko bawa yana nan a matsayinsa na bawa idan ya kai ga wusuli, ta taɓa raba kan Kiristocin Turai da masanan Indiya.

2.0 Kiristocin Turai

Yawancin masu zuhudu na Kirista sun kwatanta kusanci ga Allah da aure. Teresa ta Abila (1515–1582) da abokin aikinta Yohana na Gicciye (1542–1591), dukansu mutanen Sifen, sun ɗauki rai a matsayin amarya. Hikimar wannan misali a fili take: kome ƙarfin ƙauna, ango da amarya mutum biyu ne. Malamin Jamus Maista Ekhat ya zarce nan, inda ya koyar da cewa a can cikin zurfin rai bambancin yana gushewa. A 1329 Paparoma Yohana na 22 ya yi tir da wasu maganganunsa.

3.0 Masanan Indiya

A Indiya, Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya ce ruhin mutum da Hakikar Ƙoli abu guda ne, jahilci ne kawai ke nuna su biyu. Ramanuja, wanda ya zo bayansa da kimanin ƙarni uku, ya ƙi yarda. A ganinsa ruhi ya dogara ga Ubangiji kacokan, amma ba ya narkewa, domin in babu mai bauta, bautar kanta ta faɗi. Musulmin Indiya ma sun tsunduma cikin batun. Shehu Ahmad Sirhindi (ya rasu 1624) ya bayyana cewa kaɗaitakar da sufi yake gani a idon zuciyarsa take, amma a hakika Mahalicci daban, abin halitta daban.

4.0 Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa, ilimin fana'i ya daɗe a hannun malamai ƙalilan. Lamarin ya sauya da zuwan Failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900–1975), wanda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937. Ta hanyar tarbiyya, ɗan kasuwa da matashi suka sami damar neman ma'arifa a hannun muƙaddami. Wannan buɗe ƙofa ya jawo suka, har daga wasu dattawan Tijjaniyya. Sukar ta tsananta da fitowar littafin Shehu Abubakar Gumi kan aƙida a 1972 da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. A garuruwa da dama masallatai suka rabu, wa ya daina bin ƙanensa salla.

Amsar malaman ɗariƙa ita ce fana'i zango ne, baƙa'i yana biye da shi, inda muridi zai dawo hayyacinsa ya riƙe shari'a. Wannan shi ne tafarkin Junaidu na Bagadaza (ya rasu 910), saɓanin Hallaju da aka kashe a 922 saboda furucinsa.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa addinan uku sun bambanta a tushen aƙida, kuma kuskure ne a mayar da su abu guda. Duk da haka, a cikin kowannensu an sami masu cewa bawa yana narkewa da masu cewa yana wanzuwa, kuma rikici yakan tashi ne a lokacin da abin da ke cikin zuciya ya fito baki. Ɗalibin tarihi a Azare da zai yi nazarin saɓanin ɗariƙa da Izala zai fi adalci ga ɓangarorin biyu idan ya san tsufan tambayar da suke jayayya a kanta.