Karen Da Ke Kiwo Da Ido

A kan iyakar Ingila da Sikotlan akwai tuddai masu sanyi da hazo, inda makiyayi guda yakan kula da ɗaruruwan tumaki warwatse bisa duwatsu. Da ƙafa kaɗai, ko yini ya yi ba zai tattaro su ba. Wannan larura ce ta haifi karen nan da ake kira Border Collie. Wanda ya saba da kiwon Fulani, inda murya da sanda ke bi da garke, lalle zai yi mamakin ganin mutum tsaye yana fito, kare kuwa can nesa yana juya tumaki dama da hagu.

A shekarar 1873 aka yi wata shahararriyar gasar karnukan kiwo a Bala, cikin ƙasar Wales, inda karen wani mutumin Sikotlan mai suna Tweed ya cinye. Amma uban wannan zuri'a shi ne Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a gidan wani makiyayi, Adam Telfer, a lardin Northumberland. Karnukan zamaninsa da haushi suke kora. Shi kuwa sai ya saddadar da kai, ya laɓaɓa, ya ƙura wa tumaki ido har su bi inda yake so ba tare da sun firgita ba. Makiyaya suka yi ta kawo masa karyoyinsu, har aka ce ya bar 'ya'ya wajen 200 kafin mutuwarsa a 1901.

A 1906 aka kafa ƙungiyar International Sheep Dog Society, kuma sakatarenta James Reid ne ya raɗa sunan Border Collie a 1915. Ƙungiyar ba ta damu da launi ko tsayin kunne ba, aiki ne ma'auninta.

Nan ne gardama ta taso daga baya. Da ƙungiyar masu baje kolin karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin rajistarta a 1995, makiyaya da yawa suka ƙi amincewa, suna tsoron kada a koma haɗa karnuka domin kyan gashi, basirar kiwo ta salwanta. A ganina suna da hujja, domin 'yan'uwansa masu dogon gashi, da Sarauniya Biktoriya ta so ƙwarai, tuni yawancinsu suka bar tudu suka koma falo.